Wai hira kaɗai za ta iya maganin sikizofiriniya?

Baban Ummi: Jama'a an turo min wani bidiyo wai a Ingila an daina ba masu sikizofiriniya, ciwon taɓin hankalin nan, ƙwayar magani, CBT kawai ake musu, wato zama da masanin halayyar ɗan adam ana tattaunawa har mutum ya warke. Ƙanena tunda ya fara olanzapine ya yi wata irin ƙiba ga barci ba dare ba rana, in dai haka ne ai gara mu ajiye ƙwayar nan.

Nas Bilki: Don Allah Baban Ummi kar ku taɓa masa maganinsa. Ba abin da aka daina a Ingila, hukumar NICE mai tsara musu ƙa'idar jinya cewa ta yi a haɗa biyun, ƙwaya da CBT zama aƙalla 16. Wanda aka yanke wa magani kwatsam shi ne ake dawo mana da shi an riƙe shi mutum uku.

Abba Ɗalibi: Anti amma kar a raina abin nan fa. Aaron Beck, wanda ya kafa CBT a Amurka, tun 1952 ya rubuta yadda ya yi aiki da mai wannan ciwon ta hanyar hira. Kuma a 2014 su Anthony Morrison na Manchester sun gwada a kan mutum 74 da suka ƙi shan ƙwaya, waɗanda aka yi wa CBT ɗin sun fi samun sauƙi.

Likita Sani: Abba mutum 74 ai gwajin somin taɓi ne, kuma wasu cikinsu sun koma shan maganin kafin a gama. Masu bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, da suka tattara gwaje-gwaje a 2018 ba su ga CBT ta fi sauran jinyar hira a fili ba. Tana da amfani, amma ɗan kaɗan ne, ba ta taɓa dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwar nan da ƙwaya take dannewa.

Hajiya Mairo: Ni dai ku fahimtar da ni, mutum yana jin murya tana masa magana kai kuma ka zauna kana masa surutu, me ya bambanta shi da nasihar da muke yi a gida? Mu har ruƙiyya an yi.

Abba Ɗalibi: Hajiya a gida musu ake yi da shi, a ce ba kowa, ƙarya kake, shi kuwa wallahi yana ji, sai ya daina faɗa wa kowa. A CBT ba a ƙaryata shi, tambayarsa ake yi, muryar ta ce in ka fita za a kashe ka, to jiya da ka je masallaci me ya faru, yaushe take fi damunka, in ka kunna rediyo ko kana cikin mutane tana raguwa? A hankali sai ya daina ganin tana da iko a kansa ko da bai daina jin ta ba.

Likita Sani: Wannan kam na yarda, amma sai wanda ya ɗan natsu zai iya zaman, ƙwayar ce kuma ke natsar da shi. Baban Ummi ku koma wa likitansa da maganar ƙibar, ana canza magani, a duba masa suga ma.

Nas Bilki: Sannan ku tambaya ko akwai masanin halayya a inda yake zuwa, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa ne ko Dawanau ko Kware.

Baban Ummi: To shi kenan Likita, ba za mu tsayar ba. Amma zama 16 ɗin nan daga ƙauyenmu, kuɗin mota kaɗai wa zai biya?