Kiɗan rok ya dawo ne, ko tsofaffin makaɗa ne suka dawo karɓar kuɗi?

Auta, Riyad: Salamu alaikum. Yaya, ka ce in kawo gardamar nan zaure kowa ya sa baki, to ga ta. Ina nan kan bakana: kiɗan rok, wannan mai jitar lantarki da ganguna, ya dawo, kuma samari ne suka dawo da shi. A Disambar 2023 Metallica suka yi wasa a Banban, nan arewa da Riyad, zuwansu na farko Saudiyya. Shekara na zagayowa aka kawo Linkin Park da Muse a bikin kiɗa na Soundstorm ɗin 2024. Na biyun da ƙafata na je. Yaran da ke gefena wasu ko gashin baki bai tsiro musu ba, amma baiti-baiti suke bin waƙar har muryarsu ta dushe. Ba wanda zai zuba miliyoyi ya ɗauko makaɗan da ba a so.

Yaya Direba, Jidda: Wa alaikumus salam. Auta, ka ƙarasa musu labarin mana. A wannan bikin har Eminem aka kawo, kuma tun da aka fara shi a 2019 masu haɗa kiɗa da kwamfuta ne suka fi yawa a ciki. Ƙasar da aka daɗe babu sinima sai a 2018, babu casu a fili, ka buɗe ƙofa rana ɗaya? Mai azumi ne ya ji kiran magariba, duk abin da ka ajiye gabansa zai kai baki. Cikar fili ba hujja ba ce.

Auta, Riyad: To wanda ya haddace waƙa fa? A filin ya haddace ta?

Yaya Direba, Jidda: Ni a mota nake auna abin. Yaran gidan da nake wa aiki kullum ni ke kai su makaranta, kafin in tada mota sun haɗa wayarsu da rediyo. Babban yaron shelat yake saki, wato waƙoƙin gargajiyar Larabawan nan, in ransa ya yi daɗi ya koma rap ɗin Masar. Yarinyar kuwa 'yan Koriya ne da 'yan Legas. Abokansu ma in sun shigo haka ne. Jitar lantarki mai kururuwa ban taɓa jin sun nemi a ƙara mata murya ba.

Injiniya, Dammam: Bari in sa muku lissafi a ciki. A Amurka, inda aka haifi kiɗan nan, tun 2017 hip-hop da R&B suka ture rok daga matsayi na ɗaya a yawan sauraro, kuma bai karɓe kujerarsa ba. A nan yankin, da aka buɗe jadawalin waƙoƙin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka a ƙarshen 2022, wa ya fara hawa kansa? Rema, ɗan Najeriya. Sannan Auta, dubi waɗanda ka lissafo. An kafa Metallica a 1981, mawaƙinsu yana da shekara 60 a daren da ya hau dandalin Banban. Linkin Park sun fitar da kundinsu na farko a 2000, ba a haife ka ba. Oasis da suka tayar da ƙura a Ingila a 2025, 'yan'uwa biyu ne da suka ɓata tun 2009 suka shirya. Duk sa'o'in Kawu ne ko ƙannensa.

Kawu, Jidda: Kai Injiniya, me na yi maka da sassafe?

Injiniya, Dammam: Tuba nake Kawu, Allah ya ƙara tsawon rai.

Auta, Riyad: Yaya Injiniya, tambayar ita ce wa ke ji, ba shekarun mai kiɗa ba. Waƙar Metallica ta 1986 ba ta taɓa shiga jerin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka na Billboard ba sai a 2022, bayan an sa ta a fim ɗin Stranger Things. Su waye suka ɗaga ta? Tsofaffi sun riga sun mallake ta tun zamanin kaset. Yara ne suka ji ta a fim suka bazama nema. Haka wata ta Fleetwood Mac ta 1977 ta farfaɗo a TikTok a 2020. Kai kanka Shata kake sawa a mota in za ka Bahrain, na shiga na ji, kuma ya rasu tun 1999. Za ka ce ba ka cikin masu sauraronsa don ya riga mu gidan gaskiya?

Injiniya, Dammam: Ina jin Shata, har gobe. Amma jin da nake masa bai sa kalangu ya ƙwace kasuwa daga hannun 'yan situdiyon Kano ba. Abin da ya faru shi ne waya ta rushe bambancin sabo da tsoho. A da sai ka je shago, abin da ke kan kanta shi za ka saya. Yanzu waƙar 1977 da ta jiya suna jere a wuri ɗaya, manhaja ta jefo wa yaro daƙiƙa ashirin, ya so, ya wuce. Wannan riba ce ga masu tsohon kaya. Kiɗa kuwa yana da rai ne in sa'o'inka suna kafa ƙungiya suna rubuta sababbi, ƙannenka suna kwaikwayonsu. Kawo min sunan waɗanda suka taso a shekarun nan har duniya ta san su.

Auta, Riyad: Måneskin, 'yan Italiya. Sun ci gasar waƙa ta Turai, Eurovision, a 2021 suna 'yan ashirin da ɗoriya.

Injiniya, Dammam: Ɗaya. Shi ma mawaƙin nasu ya koma fitar da nasa shi kaɗai, kuma pop yake yi. Na biyu?

Auta, Riyad: Akwai su da yawa, kai ne ba ka bi. Kuma Linkin Park ba tsoffin waƙoƙi kawai suke maimaitawa ba. Bayan rasuwar Chester Bennington a 2017 kowa ya ɗauka an gama, sai ga su a 2024 da mace, Emily Armstrong, da sabon kundi. Su aka sa suka buɗe wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Munich a 2025, ranar da PSG ta yi wa Inter 5 da nema. Masu ƙwallo ba sa gayyatar wanda yara ba su sani ba.

Gwaggo, Makka: Ni ban san waɗannan sunayen da kuke jerowa ba, 'ya'yana. Abin da na sani biki. Tun muna Shara Mansur ake kirana haɗa masu kiɗa ɓangaren mata, yau ma haka. 'Yan matan yanzu sukan zo da jerin waƙoƙinsu a waya tun kafin ranar: na shigowar amarya daban, na rawar ƙawaye daban. Na Hausa ne, na Khaliji wato na Larabawan Gulf, na Sudan, sai na Legas in dare ya yi nisa iyaye sun fara tafiya. Auta ya taɓa sa min naku a waya, na ce ya kashe kada maƙwabta su ɗauka faɗa ake.

Auta, Riyad: Ranki ya daɗe, ai ba kiɗan biki ba ne.

Gwaggo, Makka: To kiɗan da ba a aure da shi, ba a suna da shi, na mene ne?

Ƙanwa, Jidda: Gwaggo, na ɗaki ne, na wanda ransa ya ɓaci ya rasa wa zai faɗa wa. Shi ya sa ma Yaya ba zai ji shi a mota ba, wa zai sa wannan direban gida na ji, ƙanwarsa na ji? A kunne ake saƙala shi. Amma ni duk ɓangarorin biyu ina ganin kun ɗauko ma'aunin Amurka kun ɗora wa ƙasar da labarinta daban. A can an yi zamanin da rok ke sarauta, ya faɗi, ake tambayar ko zai tashi. A nan yaushe ya taɓa hawa fili? A 2008 wasu 'yan matan Jidda suka kafa ƙungiya mai suna The AccoLade, a ɓoye suke atisaye, ba sa nuna fuska, a shafin intanet na MySpace kawai ake jin su. Masu kiɗan metal, rok mai tsananin ƙara, ma a istiraha, wato gidajen hutu na haya, suke haɗuwa bayan gari, ana tsoron Hai'a, 'yan hisbar ƙasar nan. Sai da aka rage wa Hai'a ƙarfi a 2016, aka kafa Hukumar Nishaɗi a wannan shekarar, aka zo aka kafa ta kiɗa a 2020. Yau ga Seera a Riyad, mata huɗu, suna rok da Larabci a gaban jama'a. Yaya Injiniya ya ce a nuna masa sababbi, ga su nan a ƙofar gidansa.

Injiniya, Dammam: Na ji, kuma na yarda suna nan. Amma mutum nawa ke jin su in an gwada da mai shelat ɗaya?

Ƙanwa, Jidda: Kaɗan ne. Ban ce sun kai ba. Cewa nake wanda ya ce babu komai bai shiga inda nake koyon jita ba. Ajinmu yawanci 'yan sakandare ne, rabi mata. Wata yarinya ta zo yatsunta na hagu duk sun yi kanta, malamin ya ce ta huta kwana biyu, ta naɗa filasta ta ci gaba. Ba wanda zai yi wa yatsunsa haka don daƙiƙa ashirin na TikTok.

Yaya Direba, Jidda: Ƙanwa, nawa ne kuɗin jitar, nawa ne na aji? 'Ya'yan wa ke ajin? Ki je inda namu suka koma bayan rusau ɗin unguwannin Karantina da Sabil a Jidda ki tambayi yaro jita. Rap da waya ɗaya ake yin sa, in ka samu abin ɗaukar murya ka gama. Rok sai mutum huɗu, ganguna, amfilifaya, ɗakin da maƙwabci ba zai kira 'yan sanda ba. Tikitin da Auta ya saya ma ku tambaye shi wa ya ranta masa.

Auta, Riyad: Yaya, ai na biya ka, kada ka tona min asiri a gaban Gwaggo.

Ɗalibi, Madina: Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ina tunatar da 'yan'uwa cewa jumhurun malamai sun hana kayan kiɗa, ban da duffi a biki. Kuma wasu waƙoƙin nan in an fassara muku abin da suke cewa ba za ku so shi a bakin ƙannenku ba.

Kawu, Jidda: Amin Malam, mun gode da tunatarwa. Gardamarsu kan ko yara na ji ne, kuma gara mu san abin da ke kunnensu. Ni abin da ya ba ni dariya, kun yi ta zagaye Amurka da Italiya kun bar gida. Muna samari a Umdurman, Sharhabil Ahmed ke riƙe da jitar lantarki, ana ce masa sarkin jaz na Sudan, matarsa Zakiyya ma tana kaɗa jita a ƙungiyarsa, abin da ba a saba gani ba. Ganguna, jita, ƙaho, samari na tsalle. Mu 'yan Mai Wurno da muka shigo birni baki buɗe muke kallo. Daga baya ogan ta zo, mutum ɗaya ya danna ta yi aikin mutum shida, mai biki ya ga sauƙi, makaɗa suka watse. Kuɗi ne ya kori jita, ba kunnen yara ba, nan na bi bayan Direba. Amma ku dubi Agadas. Can jitar lantarki ce kiɗan biki, Gwaggonku ta ji. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, kundinsa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, waƙoƙinsa suka bi katin waya daga hannu zuwa hannu. Yau Turawan da ke rubutu kan rok suna sa shi cikin gwanayen jita na zamanin nan. Bombino ya shiga takarar Grammy a 2019, Tinariwen na Mali sun ci a 2012. Yaran Nijar da ke aiki a kasuwar Bab Makka shi suke ji, ba su taɓa tambaya ko ya tafi balle ya dawo ba.

Injiniya, Dammam: Kawu, wannan kuma ka sauya mana filin wasa. Mdou Moctar ɗin ma ba yaro ba ne.

Auta, Riyad: Amma masu jin sa yara ne. Kawu ya ba ni gaskiya.

Kawu, Jidda: Ban ba ka ba. Kai da ka kashe kuɗin aro ka je kallon Linkin Park, ka taɓa sauraron ɗan Nijar ɗin ko sau ɗaya?

Auta, Riyad: Zan nema yau in na tashi aiki.

Yaya Direba, Jidda: Ni na tafi ɗauko yara, an kusa tashi. Auta, ranar da 'yan ƙasa da shekara 25 suka cika Banban da kansu, ba a jingina su da wani tsoho ba, kira ni, ni zan saya maka tikiti.

Ƙanwa, Jidda: A rubuta, akwai shaidu. Tikiti biyu Yaya, har da ni.

Gwaggo, Makka: Ku bar shi ya tuƙa lafiya. Kai kuma ɗan'uwa, turo min na Agadas ɗin in ji. Akwai bikin wasu 'yan Tawa bayan Sallah, uwar amarya ta ce tana son kiɗan gida, ni kuwa duk na Kano ne a wayata.