Muhawara kan Ayyappan: masallacin Erumeli da "azumin" kwana 41

Mai Buɗe Zance: Jama'a, wani abu na ci min tuwo a ƙwarya. Duk sanda aka ce Hindu masu ziyarar abin bautarsu Ayyappan a dutsen Sabarimala na jihar Kerala ta Indiya suna biyawa ta masallaci kafin su hau, sai a ce ƙarya ce. A garin Erumeli akwai masallacin Vavar, Musulmin da labarinsu ya ce aminin Ayyappan ne. Bayan azuminsu na kwana 41, masu ziyara kan shafe jiki da launi, su yi rawar Petta Thullal, su kewaya masallacin, sannan su nausa daji. Mai ja ya fito.

Ɗan Kochi: Malam, azumi kuma? Mutanen nan suna cin abinci da rana tsaka. Abin da suke bari shi ne nama, kifi, ƙwai, giya, taba, kusantar iyali, aski da takalmi. Wanka sau biyu a rana, da asuba da yamma, tufafi baƙi ko shuɗi. Vratham suke kiransa, kuma yana farawa ne ranar da jagoran tafiya, guruswami, ya rataya wa mutum carbin itacen tulsi ko na ƙwallon rudraksha a wuya.

Baba Malam: Allah ya yi maka albarka, yaro. Kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana shi ne azumi. Kada a riƙa ɗaukar kalmomin ibadarmu ana yafa wa abin da ba namu ba.

Hajiya Likita: Baba, da girmanka, ai Kiristoci Hausawa na cewa azumin kwana 40 kafin Ista, ba wanda ya hana su. Wanda ya yi mako shida ba takalmi, ba katifa, ba nama, me za a ce yana yi? Hutu?

Ɗan Kochi: Hajiya, in dole sai an kamanta, ya fi kusa da haramin aikin hajji. An sauya tufa, an bar aski, har suna an bari, kowa Swami ake ce masa, attajiri da lebura.

Baba Malam: Subhanallahi! Ka gyara ɗaya ka ɓata biyu. Harami kuma?

Mai Buɗe Zance: Maganar masallaci fa na kawo.

Injiniya: Ku bar suna, ku dubi abin da kwana 41 ɗin ke kaiwa gare shi. Matakala 18 ta bakin ɗakin bautar, ba mai taka ta sai mai ɗauke da irumudi a ka. Jaka ce mai baki biyu: na gaba na kayan bauta, na baya na guzuri. Babban abin da ke gaba shi ne kwakwa cike da man shanu. Ana kankare gashinta, a huda ido ɗaya cikin ukun, a tsiyaye ruwan kaf, a bar cikin ya bushe, a narka man a ɗura, a toshe da marfin itace, a liƙe da kyau. In aka bar ɗigon ruwa a ciki, man yakan lalace kafin a isa. In kwakwar na da tsaga ko liƙin bai kama ba, zafin hanya zai narkar da man ya jiƙe shinkafa da turaren da ke jakar. A sama ake fasa ta, a zuba wa gunkin man, ɓawon kuma a jefa cikin babban ramin wuta. Wanda ba shi da jakar ta wata ƙofar gefe yake shiga.

Ɗan Kochi: Injiniya, ka manta hanya biyu ce. Daga kogin Pamba kusan kilomita 5 ne, amma hawan Neelimala na kayar da masu ciwon zuciya. Ta Erumeli kuwa tafiyar kwanaki ce a daji, ta Azhutha da Karimala.

Hajiya Likita: Duk kun kauce wa babbar magana. Kwana 41 ɗin nan na cikin hujjar da wasu ke kafawa wajen hana mata 'yan shekara 10 zuwa 50 hawa, wai jinin al'ada zai katse musu. Babbar kotun Kerala ta tabbatar da hanin a 1991. Kotun ƙolin Indiya ta soke shi ranar 28 ga Satumba 2018, alƙalai 4 da 1. Mata biyu sun shiga ranar 2 ga Janairu 2019, jihar ta rikice da zanga-zanga.

Injiniya: Hajiya, faɗi wace ce ɗayar mana. Indu Malhotra, mace tilo a cikin alƙalan, ita ta ƙi. Kuma hujjar masu ɗakin bautar ita ce a Sabarimala Ayyappan gwauro ne mai alwashin ƙin aure. A ɗakin bautarsa na Achankovil, inda yake tare da mata biyu, mata na shiga abinsu.

Hajiya Likita: Wato don mace ta faɗa shi ke nan an rufe bakin sauran mata? Kullum haka kake, Injiniya.

Ɗan Kochi: Ni abin da ya fi damuna wutar da ake hangowa daga Sabarimala ranar 14 ko 15 ga Janairu ce, da ake yaɗa bidiyonta wai daga sama take. Mutane ne ke kunna ta a tsaunin Ponnambalamedu, hukumar Travancore Devaswom mai kula da ɗakin bautar da kanta ta amsa haka a 2011, bayan turmutsitsin Pullumedu ya kashe mutum fiye da 100 da suka je kallo.

Baba Malam: To ka gani.

Injiniya: Baba, tauraron da suke kallo a sama ran nan daban, wutar daban. Masu ziyara da yawa sun san da haka.

Shugaban Zaure: To jama'a, a rufe haka. Abin da ya fito fili shi ne, kamar yadda Baba Malam ya yi bayani gamsasshe, abin nan ba azumi ba ne, kuma ba wanda ya kawo hujja mai ƙarfi a kan akasin haka. Injiniya ya amfanar da mu kan kwakwa. Zancen kotu siyasar Indiya ce, ba hurumin zauren nan ba. Daga yau duk wanda zai kawo batun addinin wasu ya fara turo min in duba kalmominsa.

Hajiya Likita: Shugaba, Baba kawunka ne, kowa ya sani. Ka mayar da saƙona biyu da ka goge.