Neman kalmar Hausa: me za mu kira "offensive lineman" kafin zaɓen NFL?

Ɗan Jarida:
Assalamu alaikum. Zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NFL ta ƙwallon Amurka (American football) yana zuwa a ƙarshen Afrilu, zagaye 7, ƙungiyoyi 32, kuma da wuya a kammala goman farko ba a ɗauki ɗaya daga cikin ƙattin nan da ake kira offensive linemen ba. Muna buƙatar suna guda da zai zauna a rubutu da rediyo. Wasu na rubuta "ɗan wasan gaba", amma mai sauraron da ya saba da ƙwallon ƙafa zai zaci mai zura ƙwallo a raga ake nufi. Ni dai shawarata "ɗan ganuwa", tunda su biyar ne suke kare mai jifa, wato ɗan wasan da ke jefa ƙwallo gaba (quarterback).

Koci:
Wa alaikumus salam. "Ɗan wasan gaba" kam a ajiye shi. Waɗannan lambar rigarsu tsakanin 50 da 79 take, kuma doka ta hana a jefa musu ƙwallo gaba sai an sanar da alƙalin wasa tukuna.

Ganuwa ta kama rabin aikin ne kawai, Malam. In za a yi jifa, irin wannan ɗan wasa ja da baya yake yi: ƙafar waje ta taka baya, ta ciki ta biyo ta a ja, ƙirji a miƙe, har ya saya wa mai jifa daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku. In kuwa gudu za a yi da ƙwallo, gaba yake afkawa ya ture na gabansa, ko su haɗu su biyu a kan mutum guda sannan ɗaya ya saki ya haura ga mai tsaron da ke baya, ko ya fice daga gurbinsa ya zagaya ta bayan 'yan'uwansa ya shige gaban mai gudu. Masu farautar 'yan wasa a jami'o'i kowane ɓangare makinsa daban suke ba shi. Ganuwa ba ta motsi, alhali motsin ƙafa shi ake fara dubawa.

Malamar Hausa:
To ai fada ta ba mu biyu: dogari mai tsaro, da zagi mai shiga gaban dokin sarki. Sai dai kowanne rabi ya ɗauka, kamar yadda Koci ya ce game da ganuwa. Me zai hana mu duba tsayuwarsu maimakon aikinsu? Mutum biyar a jere, kowa da gurbinsa, ba a son giɓi: sahu ke nan. "Ɗan sahu", jam'i "'yan sahu". In ana son bambancewa, a ce "ɗan sahun hari" da "ɗan sahun tsaro" ga na ɗaya ɓangaren.

Koci:
Malama, wannan ta shiga. Kuma ta dace da yadda ake auna shi, domin ba a auna shi shi kaɗai. Masu tsaro kan yi musaya, na ciki ya fita waje, na waje ya lauyo ciki. Dole 'yan sahu biyu su miƙa wa juna mutum a lokaci guda, suna a zurfi ɗaya. In ɗaya ya fi ɗan'uwansa ja da baya ko da taku ɗaya ne, ƙofa ta buɗe. A bidiyo za ka ga kamar na gefe ne ya yi sakaci, alhali na ciki ne ya makara.

Ɗan Jarida:
Na janye ganuwa. Saura guraben: tackle, guard, center. "Ɗan gefe" da "ɗan tsakiya" ƙwallon ƙafa ta riga ta cinye su.

Baƙon Ohio:
Kada ku fassara tackle da "mai kayarwa", don Allah. Shi bai da izinin kayar da kowa da riƙo. In ya riƙe, an ci ƙungiyarsa tarar yadi 10. Mutum biyu ne da ke ƙarshen sahu, hagu da dama. Na ce a kira shi "ɗan bakin sahu". Guard kuma "ɗan cikin sahu", center "cibiyar sahu", tunda shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, shi ke nuna wa sauran wanda kowa zai tara.

Bambancin baki da ciki shi ne babbar gardamar kowane zaɓe, kuma a tsawon hannu take. A taron gwaji na Indiyanapolis ana auna hannu daga kafaɗa zuwa kan yatsan tsakiya. Ƙungiyoyi da yawa suna son ɗan bakin sahu ya kai inci 33, wasu 34, wato santimita 84 zuwa 86. Dalili: a baki fili ne, wanda ya fara ɗora hannu a ƙirjin abokin karawarsa shi ke juya shi. Peter Skoronski ya buga bakin hagu a jami'ar Northwestern, hannunsa inci 32 da kwata. Ƙungiyar Tennessee ta ɗauke shi na 11 a zaɓen 2023 ta mayar da shi ciki. Zack Martin ma bakin hagu ya buga a jami'ar Notre Dame, ƙungiyar Dallas ta ɗauke shi na 16 a 2014 ta sa shi ciki, ya zama cikin gwanayen zamaninsa. Amma Rashawn Slater, shi ma ɗan Northwestern, inci 33 cif, an yi ta cewa ciki zai koma; Chargers suka ɗauke shi na 13 a 2021 suka bar shi a bakin hagu, kuma a shekararsa ta farko aka zaɓe shi Pro Bowl, wato jerin gwanayen shekara. Ƙafarsa ce ke kai shi wurin da wuri, sai ƙarancin inci ɗaya ya daina damunsa.

Malamar Hausa:
"Ɗan bakin sahu na hagu" ya ɗan yi tsawo ga mai sharhi kai tsaye. A rubutu a cika shi, a baki a ce "bakin hagu", "cikin dama", "cibiya". Akwai wata kalma da nake yawan gani a rahotannin masu farautar 'yan wasa, anchor. An fassara ta da "anga", ban ji ta zauna ba.

Koci:
Turjiya ce, Malama. Mai tsaro ya zo da ƙarfi kai tsaye, ya sa hannu biyu a ƙirji yana tura shi kan mai jifa. Ɗan sahu mai turjiya yakan yarda ya ba da taku ɗaya ko biyu, ya sauke ƙugu, ya buɗa ƙafafu, ya kafa dukan tafin ƙafa a ƙasa, ya sake cusa hannuwansa ƙarƙashin na abokin karawa, sai tafiyar ta tsaya. Wanda ba shi da ita diddigensa ke tashi, ƙafafunsa su haɗe, a kai shi har jikin mai jifa.

Tushenta a lanƙwasa yake, kuma nan nake so mu yi kalmomi biyu: "mai lanƙwasa gwiwa" da "mai sunkuyo". Na farko idon sawu da gwiwa da ƙugu duk suna lanƙwasuwa, bayansa a miƙe. Na biyu daga ƙugu kaɗai yake karyewa, kansa ya wuce yatsun ƙafarsa, nauyinsa duk ya koma gaba. Gogaggen mai tsaro fizgo shi kawai zai yi ya wuce ta kafaɗarsa. Hannu ana iya gyara shi a sansanin horo: guiwar hannu a matse, dukan ya sauka cikin ƙirji, kada a buɗe su su kama kafaɗa. Taurin idon sawu kuwa da wuya ya gyaru, shi ya sa nake ba shi nauyi fiye da tsawon hannu. Kuma ba banza ba masu farauta ke son wanda ya yi kokawa: Tristan Wirfs da Tyler Linderbaum, dukansu 'yan jami'ar Iowa, 'yan kokawa ne a sakandare.

Ɗan Jarida:
Gudun yadi 40 da ɗaga ƙarfen kilo 102 da ake yi a taron gwaji fa? Su ne alƙaluman da suka fi yawo a labarai.

Baƙon Ohio:
Ɗan'uwa, ka ambace su amma kada ka gina labari a kansu. Ɗan sahu da wuya ya yi gudun yadi 40 a wasa. Lokacin yadi 10 na farko da gwajin sauya alƙibla sun fi faɗin gaskiya. Orlando Brown na jami'ar Oklahoma ya yi 40 a daƙiƙa 5.85 a 2018, ya ɗaga ƙarfen sau 14 kacal, ya faɗo har zagaye na 3 inda Baltimore ta ɗauke shi. Daga baya ya je Pro Bowl sau huɗu, ya ci Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar, tare da ƙungiyar Kansas City. Tsawonsa da faɗinsa sun sa zagaye shi kaɗai na cin lokaci, kuma bidiyon jami'a ya riga ya nuna haka.

Shi kansa bidiyon sai an tace. Jami'o'i da yawa suna sakin ƙwallo da sauri, ɗan sahu ba ya ko dafa ƙasa da hannu, kuma dokarsu ta bar shi ya wuce layin da ake fara wasa har yadi 3 a wasan jifa, a NFL kuwa yadi 1 ne. Don haka a ware lokutan da ƙungiyarsa ke yunƙuri na uku, cikin huɗun da ake ba ta don ta ci yadi 10, da sauran yadi 7 ko fiye, inda kowa ya san jifa za a yi. Sai a ƙara da karawar ɗaya-da-ɗaya ta atisayen Senior Bowl, wasan gwanayen jami'o'i masu shirin shiga zaɓe, a Mobile, jihar Alabama, musamman ga wanda ya fito daga ƙaramar jami'a.

Malamar Hausa:
Bari mu gwada su a jimla: "Ɗan bakin sahu na hagu ne, mai lanƙwasa gwiwa, turjiyarsa mai kyau, amma gajartar hannu na iya mayar da shi cikin sahu." Kunnena bai yi tuntuɓe ba.

Koci:
Ta yi, sai gyara ɗaya. A riƙa cewa "ɗan sahun hari" a ambaton farko cikin kowane labari, domin ɓangaren tsaro ma suna da nasu tackle ɗin, kuma shi a ciki yake tsayawa, daura da cibiya da 'yan cikin sahu. Shi sai mu kira shi "ɗan cikin sahun tsaro".