Musayar waƙa: Jakara, daga Kurmi har Wasai

Ɗan Kurmi:
Salamu alaikum 'yan uwa, jiya da la'asar na ɗauko yarona a babur mun biyo titin Wuju-wuju sai yake tambayata wai Baba ina rafin Jakaran da ake faɗa, wallahi sai da jikina yai sanyi don a kansa muke tafiya bai ma sani ba. To na buɗe fage, amsa-amo "ra" ne.

Da sunan Allah zan fara,
In tambayi manya har yara,
Ruwan da ya ratsa birnin Dabo,
Muka binne shi da shara,
Kafin kasuwa, kafin kwalta,
Me ake ce wa Jakara?

Malam na Madabo:
Wa alaikumus salam, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi ɗana.

Kurmi ne da, duhu ko da rana,
Itacensa ba mai sara,
Zamanin Barbushe na kan Dala,
Ana tsafin Tsumburbura.
Kurmin Baƙin Ruwa sunan nasa,
Tarihi ya yi ishara,
Ruwa baƙi, ga tsibiri tsakiya,
Itatuwa sun yi da'ira.
An ce in masifa ta doso gari,
Kurmin kan ɗau ƙara,
Hayaƙi ya tashi a tsibirin nan,
Dattawa su zauna shawara.

'Yar Bakin Ruwa:
Allah gafarta Malam a yi min afuwa, ni fa a unguwar aka yanke min cibiya kuma tunda na taso ban taɓa jin kakata ta sa ƙugiya a sunan ba.

Malam ka ce baƙi, na ji,
Amma ga ɗan gyara,
Bakin Ruwa muke cewa mu,
Gaɓar da muke yin hira,
Baki na rafi, ba launi ba,
Haka muka ji tun muna yara.

Malam na Madabo:
Allah ya yi miki albarka 'yata, ba saɓani ai, kurmin daban unguwa daban.

Ke kina bakinsa kin zauna,
Shi baƙinsa tun can ya fara,
Ƙugiya ɗaya ta raba kalma,
Rafi guda ne ya tara.
Sai Rumfa, Sarki Muhammadu,
Ya kafa kasuwa da dabara,
Itace ya tafi, suna ya zauna,
Kurmi ake ta kira.

Rumfa ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, to ku lissafa, sama da shekara 500 kenan mai goro da mai jima da mai turare suna cewa za ni Kurmi alhali ba kurmin, sunan ne kaɗai ya riƙe mana amanar wurin. Wannan abin yana taɓa ni duk sanda na tuna.

Ɗan Gama:
Ku na cikin ganuwa kun tsaya a tarihi, mu da ruwan yake iskewa bayan ya fito bari mu karɓa, ni noman rani nake da shi tun ina bin mahaifina da fartanya.

Ya bar badala ya bi ta Fagge,
Kwatar gari duk ya tara,
Kwakwaci, gadar titin jirgi,
Arewa maso gabas ya tura.
Getsi ta taho daga Bompai,
Da rinin masana'antu ta ƙara,
Inda suka haɗu Magami ne,
Sunan bai buƙatar fassara.
Latas da kabeji, alayyahu,
Da shi muke ba su tun bara,
Baƙin da Malam ya ce na kurmi,
Namu na yau na dagwalo ne da shara.

Kuma ba daɗi muke ji ba wallahi, ƙafa tana ƙaiƙayi in ka daɗe a ciki, amma rani in ya yi rani wane ruwa gare mu in ba shi ba.

'Yar Bakin Ruwa:
Yaya Ɗan Gama ka sa ni hawaye, ledar da muke zubawa a nan ashe gonarka take zuwa.

Na ɗau alkawari a layinmu,
Mata zan bi in tara,
Kwata ba juji ba ce, Yaya,
Daga ƙofata zan fara.

Baba na Wasai:
Jikana ne yake rubuta min, ni ina faɗa. Ina saurayi aka datse ruwan nan a 1976, nan ƙasar Minjibir, da idona na ga katafila.

Duk abin da Kano ta zubar,
Nan Wasai yake jira,
Mu jefa koma mu kama karfasa,
Mu kai kasuwa a tara.
In dam ya cika ya miƙi gabas,
Ƙasar Haɗeja yake kira.
Ɗan Kurmi, kawo min yaron nan,
Asabar da hantsi ina jira,
In sa shi a kwalekwale ya gani,
Da idonsa, wannan ne Jakara.

Ɗan Kurmi:
In sha Allahu Baba muna tafe, ta Gama za mu biyo ya fara ganin Magami tukuna.