Kuɗin tabur-ban sun shiga, yara har yanzu a ƙasa

Salamu alaikum jama'a. Ɗiyata tana CE1 (aji uku na firamare) a wata lakwal ta gwamnati nan Yamai, ajin zana ne, yaran sun fi 90, a kan buhu take zama, kullum ta dawo da ƙura har gira. Tun gobarar da ta cinye azuzuwan zana a lakwal ta unguwar Pays-Bas nan Yamai a 2021 ajin zana ke ba ni tsoro wallahi. Watan Oktoba kowane uba ya ba COGES (kwamitin kula da lakwal) jika biyu don tabur-ban (teburi da bencin zaman yara), har yau ko ƙusa ba mu gani ba. Na je wajen direkta sau uku, ya ce in ga ma'aji, ma'aji kuma ba ya ɗaukar waya, ga shi ba a ba mu rasit ba. Wa za mu kai wa ƙara ya tilasta musu kiran taron iyaye su fito da lissafi?