Naƙshar taya da Hausa: zane, haƙori ko tsaga?

'Yan'uwa direbobi da masu faci na Jidda da Makka, ina so mu tsayar da kalma ɗaya. Fuskar nan ta taya da ke taka kwalta, wadda Larabawa ke kira naƙsha, Turawa kuma tread, me za mu riƙa ce mata? Idan ta ƙare muna da magana, mu ce taya ta suɗe, Larabawa kuma su ce mamsuh. Amma abin da ke suɗewar, kowa da sunan da yake kiransa.

Na taso da maganar ne saboda ƙannenmu da ke tuƙa wa iyayen gida motocin gudu irin su Porsche da Mustang. Tayar da irin wannan mota ke fitowa da ita daga kamfani, wadda a nan ake kira tayar wakala, robarta mai laushi ce don ta kama kwalta a kwana, shi ya sa take saurin cinyewa. Yawancinsu da ƙafar baya suke ja, sai ta baya ta riga ta gaba ƙarewa, kuma sau da yawa ta baya ta fi faɗi, ba damar a juya su. Ga shi ana ɗan karkata saman ƙafafun zuwa ciki, sai gefen ciki ya cinye, na waje yana nan kamar sabo. Yaron da bai san sunan abu ba, yaya zai gaya wa maigida cewa akwai matsala?

Kalmomi uku aka kawo mini. Wani babanmu da ya daɗe yana faci ya ce shi zanen taya ya sani tun a gida. Baba, na yarda shi ne ya fi yawa a bakin mutane, amma zane abin kallo ne, ba ya nuna zurfi. Taya tana iya nuna zanenta sarai alhali saura ƙiris. Wani kuma ya ce haƙora. Wannan ya dace da tayar tarakta da ta motar sahara, ba da ta motar gudu ba, wadda kusan shimfiɗaɗɗiya ce.

Ni tsaga na zaɓa. Bahaushe ya san tsagar fuska, ya san tana da zurfi kuma tana iya shafewa, to zurfin shi ne duk maganar. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da tsaga wajen milimita 8, ta motar gudu takan gaza haka. Iyakar da ƙasashe da yawa suka sa ita ce milimita 1.6, kuma a cikin tsagar akwai 'yan tudu da kamfani ya dasa daidai wannan tsayin. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da su, ta gama aiki. Su kuma sai mu ce musu shaidar tsaga. Aikin tsagar shi ne korar ruwa daga ƙarƙashin taya. Kada wani ya ce ai nan ba a ruwa. Wanda ya ga yadda titunan Jidda ke cika idan an yi ruwan hunturu, ko ya gangaro daga Ɗa'ifa ta hanyar Hada cikin hazo, ya san amfaninta.

Wata yayarmu ta yi tambaya mai kyau: to tayar da tsagarta ke cike amma ta tsufa fa? Yaya, wannan ce ta fi ba ni tsoro, domin motar gudu takan yi wata da watanni a ajiye, rana tana busar da robar har ta fara tsattsagewa a gefe. A nan kada mu ce tsaga, mu ce taya ta dare ko ta bushe, don kada a haɗa su. Shekarunta suna rubuce a jikinta, lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke gefenta. Idan an ga 2321, mako na 23 ne na shekarar 2021. Kamfanin taya na Michelin na cewa daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada ta wuce 10, wasu kamfanonin mota kuma 6 suke cewa. Da zafin hanyar Madina a watan Yuli, ni 6 ɗin nake bi.

Idan za a canza, a duba harafin da ke nuna iyakar gudun tayar, V kilomita 240 a awa, W 270, Y 300, kada a sauka ƙasa da abin da motar ta zo da shi. A duba tambarin kamfanin motar a jikin tayar kuma, N na Porsche, tauraro na BMW, MO na Mercedes.

Saura 'yan'uwanmu na Sudan masu ce wa taya lastik, ku gaya mana abin da kuke kiran tsagar a Wad Madani da Mai Wurno. Idan kuna da wadda ta fi tawa zama a baki, mu ɗauke ta.