Muhawara: La'adar Dillalin Haya, a Kan Mai Gida Take ko Ɗan Haya?

Baban Khairat: Assalamu alaikum jama'a. Zan ajiye magana ɗaya, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. La'adar dillalin haya a kan mai gida take. Shi ya kira dillali, shi ya miƙa masa makulli, shi ya yanka farashi. Ga lissafin da aka ba ƙanina kan fulat mai ɗaki biyu da falo: haya naira 1,200,000, la'ada 120,000, kuɗin lauya 120,000, kuɗin koshan (ajiyar da ake riƙewa saboda ɓarna) 100,000. Kafin ya shigar da tabarma ya cire 1,540,000, ban da kuɗin ganin gida da ya biya tun a bakin get. Wannan zalunci ne, sabo kawai muka yi da shi.

Kawu Dillali: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi a hankali da kalmar zalunci. Wa yake bugo min waya bayan isha'i yana cewa, Kawu ka rufa min asiri, biki ya matso ba mu samu wuri ba? Ɗan haya ne. Man babur ɗina nake ƙonawa in zagaya da mutum daga Hotoro zuwa Rijiyar Zaki, ya leƙa banɗaki ya yatsine fuska, ya ce zai yi shawara, shi ke nan ba ka sake ganinsa. Ba ni da albashi. Kuma ranar da mai gida ya ce, ka san mutumin nan kuwa? Mutuncina nake jinginarwa in ce na san shi.

Baban Khairat: Kawu, ban raina wahalarka ba. Amma in ni na ɗauke ka aiki, me ya sa idan na ce a rage min dubu ɗari kai ne farkon mai cewa Alhaji ba zai yarda ba? La'adarka kashi 10 cikin 100 ce ta kuɗin hayar, duk sanda haya ta hau kai ma ka hau. Kuɗina kake ci, ɓangarensa kake tsaya wa.

Hajiya Inna: Ku bar ni in yi magana, tunda ni ce mai gidan da ake ta jifa. Baban Khairat, ɗauka cewa na yarda, daga yau ni zan riƙa biyan Kawu. Kana zaton daga ina zan ciro? A kan hayar zan ɗora. Kai kuma la'ada sau ɗaya kake biya, ranar shiga. In ta shige cikin haya, duk shekara za ka biya ta har ranar da ka tashi. Ka zauna shekara 5, ka biya ta sau 5. Wa ya ci riba?

Maman Sadik: Hajiya ta zo da magana fa.

Yaya na Manchesta: Hajiya, da girmamawa, irin wannan maganar aka yi ta yi a nan Ingila kafin a hana. Daga 1 ga Yuni 2019 doka ta haramta wa dillali ko mai gida karɓar kuɗin rubuta yarjejeniya, da na binciken ɗan haya, da makamantansu daga hannun mai shiga. Koshan ba ya wuce hayar mako 5 in hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba, kuɗin riƙe gida kuma hayar mako 1 ne. Wanda ya karya, tarar farko tana iya kaiwa fam 5,000. Jamus ma tun 2015 take kan cewa wanda ya ɗauko dillali shi zai biya shi. Haya ta ci gaba da tashi, ba zan yi musu ba, amma abubuwa da yawa ne suke tashinta. Abin da nake so a lura da shi: mai gida yana da zaɓi. In dillali ya tsawwala masa, sai ya karɓe makulli ya ba wani. Ɗan haya da ya riga ya ga gida ya so ba shi da wannan damar, duk abin da aka ce haka zai biya.

Kawu Dillali: Yaya, can akwai gwamnati mai bin diddigi. Nan fa?

Barista: Ba sai mun tsallaka teku ba, Kawu. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011, wadda aka sa wa hannu zamanin gwamna Fashola, sashe na 11 ya ce duk wanda ya ɗauko ƙwararre kan yarjejeniyar haya shi zai biya shi. Ta hana karɓar hayar fiye da shekara 1 daga sabon ɗan haya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 3, ta kuma wajabta ba da rasit. Sai dai an cire Ikoyi, Victoria Island, Apapa da Ikeja GRA daga cikinta, kuma ba ta hawa kan kowa a Kano ko Kaduna, kowace jiha da tata. A Legas ɗin ma jama'a suna biyan abin da doka ta ɗauke musu, domin mai neman gida ba ya da lokacin kotu. Ni abin da ya fi ci min rai kuɗin lauyan nan ne. Sau da yawa babu lauya ko ɗaya. Tsohuwar takarda ce ake kai wa shagon kwafi, a goge suna a sa wani, wani lokaci har adireshin wancan gidan na nan a shafi na biyu. Kuma ko da lauyan gaske ne ya rubuta, mai gida ya rubuta wa.

Maman Sadik: Ni kuma ku bar batun shiga, ku zo kan bayan shiga. Gidan da muka bari, daminar farko silin ɗin falo ya kumbura ya yi baƙi, muna tara bokiti a kan kafet. Sokawe ta cika tana malalowa ta bakin kicin. Na kira dillali, ya ce shi aikinsa ya ƙare ranar da ya miƙa makulli. Na kira mai gida, ya ce in gyara za a cire a haya. Na kira mai kwano da motar kwashe masai, na biya. Da shekara ta zagayo ya ce ina rasit, ina shaida? Koshan ɗinmu kuwa har yau.

Hajiya Inna: Ƙanwata, wannan bai kyauta miki ba. Amma ku zo ku ga yadda aka bar min nawa. Tayil a farfashe, an cire famfon kicin an tafi da shi, bango duk ƙusa da zanen yara, ga bashin wuta a kan mita. Fenti kaɗai ya cinye koshan ɗin bai isa ba. Ba duk mai gida ne azzalumi ba, wasunmu da hayar nan muke riƙe marayu.

Barista: Abin a rarrabe yake. Rufi, jikin gini, da abin da ake tarayya a kai irin su burtsatse, tanki da get, a dokar Legas ɗin a kan mai gida suke, sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Ɗan haya kuma zai kula da cikin gida, amma ba a cajinsa kan tsufan da zama ke jawowa. Fentin da ya koɗe a shekara 3 ba ɓarna ba ce, famfon da aka cire ɓarna ce. Maman Sadik, da saƙon waya kawai kika sa ya turo miki cewa ki gyara a cire, da kin samu abin riƙewa. Haka nan mai gida ba ya da ikon cire ƙofa ko kwano don ya kori mutum. Ɗan hayar shekara a Legas da Abuja notis ɗin wata 6 yake da shi in takarda ba ta faɗi wani abu daban ba, sai na kwana 7, sannan kotu.

Yaya na Manchesta: Nan koshan ba ya ma zama a aljihun mai gida yadda ya ga dama. Cikin kwana 30 dole ya yi masa rajista a ɗaya daga hukumomin da gwamnati ta amince da su, in an samu saɓani su za su raba gardama da hotunan ranar shiga da na ranar fita.

Malam Liman: Allah ya shirye mu. Dillanci halal ne, magabata ba su ga laifin ladan dillali ba, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Idan ba a ambaci mai biya ba, malamai suna komawa ga al'adar gari, saboda haka ba zan kira la'adar da aka sani tun farko zalunci ba. Amma a fikihun ijara, wato haya, amfanin gida aka sayar. Gyaran da zama ba ya yiwuwa sai da shi yana wuyan mai gida. Shi kuma dillalin da ya san rufi na yoyo ya kai mutum da rani ya yi shiru, ya yi algus, la'adarsa tana da matsala ko wa ya biya ta.

Kawu Dillali: Malam, in na faɗi aibin kowane gida, wa zai sake ba ni makulli?

Baban Khairat: Alhamdu lillahi, Kawu ya amsa da bakinsa. Wanda kake tsoron ɓata wa rai shi ne uban gidanka, to shi ya biya ka. Malam kuma, al'adar da mai neman wurin kwana bai isa ya ce a'a ba, anya yarda ce?

Malam Liman: Tambayar tana da nauyi. Amma gyaran al'ada irin wannan aikin hukuma ne, ba fatawar zaure ba.

Hajiya Inna: To ni ga nawa. Fulat ɗina na sama da ya fita, zan ɗauki rabin la'ada, in cire kuɗin lauya tunda takardar tana nan, kuma Barista ya rubuta mana cewa rufi da sokawe nawa ne. Koshan dai ba zan janye ba.

Kawu Dillali: Madalla, Hajiya. To masu zuwa gani gobe da safe, nawa zan faɗa musu?

Hajiya Inna: Ka ƙara 60,000 a kan na bara.

Baban Khairat: Hajiya!

Hajiya Inna: Ai na faɗa maka tun ɗazu.